Ƙaramar Bindiga Ta Kwance: A Saya Ko A Bari?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Kwanakin nan maganar mallakar bindiga ta fita daga bakin mafarauta da 'yan banga, ta shigo ofisoshi da majalisun bayan la'asar. Ma'aikacin da a da lissafinsa bai wuce kuɗin makaranta da buhun shinkafa ba, yanzu za ka ji shi yana tambaya ƙasa-ƙasa: "Wai nawa ake samun 'yar ƙarama?" Kuma tunda sabuwa ba ta samuwa a kanti, duk maganar a kan ta kwance take, wadda ta bi hannuwa kafin ta iso gare ka. Ban ga laifin mai tambayar ba. Wanda ya taɓa haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa, ko ya kwana yana sauraron haushin karnuka a bayan katanga, ba ya buƙatar a yi masa bayanin tsoro. Amma kafin mutum ya ƙirga kuɗi ya miƙa, yana da kyau ya san tarihin abin da zai shigar gidansa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya samo 'yan bindiga Turkawa, ya kuma sa aka koya wa bayin gidansa harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta. A Kano, tsohon kundin tarihin sarakuna ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) ana shigo da bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaron lafiyarsa. Waɗannan 'yan bindigar da muke gani suna ɗirka albarushi a hawan sallah, gadon wancan zamanin ne. Ku lura da abu ɗaya: a duk wuraren nan bindiga kayan fada ce. Sarki ke saye, sarki ke ajiyewa, kuma hannun bayinsa yake danƙa wa, saboda su ne waɗanda ba za su nemi gadon sarauta da ita ba. Talaka kuwa kwari da baka ne nasa, sai takobi da gora.

Kuma bindigar wancan lokacin ba abin dogaro ba ce. Littattafan tarihin jihadi sun kawo cewa Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu Ɗanfodiyo fadarsa a Alƙalawa, ya ɗana masa bindiga, sai ta tashi ta baya ta ƙona shi kansa. A Tabkin Kwatto kuma, a watan Yunin 1804, maharba masu kwari da baka ne suka karya rundunar Gobir duk da dawakanta da lifidinta. Wato tun farko an san bindigar da ba ka san lafiyarta ba tana iya fara cin mai ita.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne lissafi ya canza. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har maƙeransa suna zuba igwa a Zinder. Rabeh ya shigo da bindigogi na zamani da sojoji masu horo, ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Su kuma Turawa sun riga sun yi nasu shirin. A 1890 suka zauna a Burasels suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Abin da aka bar mana shi ne bindigar toka, mai ɗurawa ta baki, wadda Turawa ke kira da sunan 'yan Denmak saboda fatakensu na gaɓar tekun Gana suna cikin masu kawo ta. Sakamakon ya fito fili a 1903. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ɓangarenmu. Doki da mashi ne suka gamu da bindiga mai jigida.

Daga nan mulkin mallaka ya kafa tsarin da har gobe a kansa muke: bindigar gaske ta hukuma ce, ta farauta kuma sai da lasisi. Dokar makamai da ke aiki a Najeriya yau an yi ta ne a 1959, shekara ɗaya kafin samun 'yancin kai. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na ƙasa shi ne bindigar toka da 'yan'uwanta masu ɗurawa ta baki, waɗanda lamarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Na tsakiya shi ne irin mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, wadda lasisinta ke fitowa daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na sama shi ne haramtattun makamai, wanda babu mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa.

To a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Suna ɗauka tunda fistol ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, laifinta ma ƙarami ne. Wallahi ba haka ba ne. Fistol da libarba suna cikin kashi na sama, jeri ɗaya da gurneti da bindigar soja da mai jigida. Hukuncin wanda aka kama da irinsu babu izini bai gaza shekara 10 a gidan yari ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da fistol ta sayarwa "da takardunta", ka tambaye shi wa ya sa hannu a takardar. In ba Shugaban Ƙasa ya ba da izinin ba, takardar ɗaurin ƙosai ce. Ko da ma ta gaske ce, lasisi ba ya bin bindiga zuwa hannun mai saye, sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi.

Yanzu mu zo kan tambayar da ta fi damuna: daga ina ta kwancen take fitowa?

In ka bi tarihi za ka ga duk lokacin da bindigogi suka malalo hannun jama'a, yaƙi ne ya buɗe musu ƙofa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙare, amma makaman ba su koma rumbu duka ba. Nan take fashi da makami ya zama ruwan dare, har gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar soja a 1970 ta yanke wa 'yan fashi hukuncin kisa. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bainar jama'a a bakin teku a Legas. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake ƙarfafa dokar. Rikicin Chadi na shekarun 1980 ya zubo nasa, waɗanda suka yi tafiya a hanyoyin arewa maso gabas a can baya ba su manta da 'yan kwanta-kwanta ba. Sai faɗuwar Gaddafi a 2011, lokacin da rumbunan makaman Libiya suka zama na kowa, kaya suka bi hamada suka watsu a Mali da Nijar da sauran yankin.

Akwai kuma ɓarakar cikin gida. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne ba a san inda suka shiga ba daga ma'ajiyar 'yan sanda, a cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Masu bincike sun ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar nan sun haura miliyan 6, kuma Janar Abdulsalami Abubakar ya maimaita wannan adadin a 2021. Ka ƙara da ƙirar gida da maƙera ke yi a ɓoye, wadda ba wanda ya gwada ƙarfin ƙarfenta.

To ka ga, fistol ɗin da za a kawo maka a nannaɗe cikin tsumma ba daga sama ta faɗo ba. Ko dai an ƙwace ta daga jami'in da aka kashe, ko an sace ta daga ma'ajiya, ko ta tsallako iyaka, ko kuma wani ya gama aika-aika da ita yana neman inda zai sauke. Motar kwance in ka saya, kana iya bin takardunta ka gano mai ita na farko. Bindigar kwance kuwa lambarta ma an goge. Ranar da aka same ta a ƙarƙashin katifarka, duk abin da ta aikata kafin ta san ka, kai za a tambaya.

Ni ma an taɓa yi min tayi. Wani da muka saba gaisawa ne ya ja ni gefe ya ce akwai wata mai lafiya, da harsashi 'yan ƙwayoyi, kuɗin da ya ambata ya kusa albashina na wata uku. Sai da na yi kwanaki ina juya maganar, don ina da mata da yara, kuma aiki yana sa ni bin hanyoyin da ba na son bi. Tambaya uku na yi wa kaina. Ta farko, a ina zan koyi harbi, ni da ban taɓa taɓa kunamar bindiga ba, kuma ba inda zan gwada ta ba tare da unguwa ta ji ba? Ta biyu, a ina zan ajiye ta? In na kulle ta a inda yara ba za su kai ba, ba za ta amfane ni ƙarfe biyun dare ba, in kuma na ajiye ta kusa, to ɗana mai shekara tara ya fi ni sanin kowane lungu na ɗakin. Ta uku, shi mai sayarwar, wa zai gaya wa? Daga ranar ya riƙe min wuya ke nan: ya san gidana, ya san abin da ke ciki, kuma in aka kama shi sunana ne a bakinsa. Shekara ashirin na aikin gwamnati, da fansho, da mutunci, duk suna rataye a harshen mutum ɗaya. Na ce masa na gode, a kai kasuwa.

Akwai kuma gaskiyar da ba mu son faɗa. Masu zuwa da daddare ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Gungu suke zuwa a kan babura, kowanne da AK-47 mai cin harsashi 30. Mutum ɗaya da fistol a gabansu, abin 1903 ne ya dawo, doki da mashi a gaban mai jigida. Ƙarshenta ma ka ba su dalilin harbi, su tafi da bindigar su ƙara a kan nasu.

Na san wani zai ce ai manya ma sun ce a kare kai. Gaskiya ne. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a watan Maris na 2018. Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce Zamfarawa su nemi lasisin bindiga. Me ya biyo baya? Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni, 'yan sandan jihar kuma suka ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan daram. Wato an ce maka ka kare kanka, amma dokar 1959 ba ta motsa ko taƙi ɗaya ba. In aka kama ka, jawabin gwamna ba hujja ba ne a gaban alƙali.

Sannan mu tuna yadda ta kaya da 'yan sa-kai. Da niyyar kare gari aka fara, amma da aka shiga kisa a kasuwanni babu shari'a, sai ramuwar gayya ta buɗe. A Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima aka yi kisan da har yau ba a manta ba. Wannan darasin yana cikin abin da ya sa daga baya jihohi suka koma ga tsari mai rajista da horo da albashi: Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Suna da nasu kurakurai, amma aƙalla an san wa ke riƙe da me, kuma akwai wanda za a tuhuma.

Ban zo in yi wa mutumin ƙauye wa'azi daga cikin gari ba. Wanda aka kore shi daga gonarsa, aka sa wa garinsu haraji, babu jami'in tsaro ko ɗaya a kusa, halinsa daban ne, kuma addini da doka duk sun yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Da 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa nake, masu tunanin sayen fistol ta bayan fage don samun kwanciyar hankali. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kuɗin nan in ka zuba su a ƙofa mai ƙarfi, da fitilar sola a layi, da kuɗin 'yan sintirin unguwa da hukuma ta san da su, da sanin maƙwabcinka da lambar wayarsa, sun fi yi maka aiki.

Wanda kuma ya yi imani lallai ɗan ƙasa na gari ya cancanci riƙe makami, to ƙofar ita ce Majalisar Tarayya. Dokar da aka rubuta kafin a haifi yawancinmu ta isa a sake duba ta, a fayyace wa zai riƙe, da wane horo, da wane bincike. Mu matsa wa wakilanmu a kan wannan. Mu kuma tambaye su ina makaman nan 178,459 suka shiga, don mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ce ake shirin sayar maka.

Mai wata fahimtar daban ya kawo ta a ƙasa, amma don Allah cikin mutunci, kuma kada kowa ya rubuta abin da zai ja masa tambaya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amin.