Furfura da Baƙin Rini: Nazari kan Sauya Kamannin Gashi Bayan an Manyanta

Tambayar da aka fi kai wa malamai game da furfura ita ce ko ya halatta a rina ta da baƙi. Tsohuwar tambaya ce, kuma amsarta na nan a littattafan da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, baƙin da malaman farko suka yi magana a kansa daban yake da wanda ake sayarwa yau a kantunan kayan kwalliya. Nasu akasari daga tsirrai ake samo shi, namu kuwa a masana'anta ake haɗa shi. Hukuncin yana nan yadda aka bar shi, amma abin da ake shafawa ya sauya, kuma fatar kan dattijo da dattijuwa ce ke ɗaukar nauyin wannan sauyi ba tare da an tambaye ta ba.

Launin gashi a can tushensa ake zuba shi, cikin fata. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a gindin kowane sili da ke samar da sinadarin melanin, suna cusa shi cikin gashin yayin da yake tsirowa. Silin da ya riga ya fito ba ya sauya launi da kansa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka ƙare a wani gindi, duk silin da ya sake fitowa daga nan fari ne. Shi ya sa zancen da ake yi cewa tsige furfura ɗaya na jawo goma ba shi da tushe: kowane gindi da nasa lokacin, kuma tsigewar ba ta shafi maƙwabcinsa ba, illa dai yawan tsigar na iya kashe gindin gaba ɗaya. Masana fata sun lura furfura kan fara bayyana ga Turawa a tsakiyar shekarunsu na 30, ga 'yan Asiya a ƙarshen shekarun 30, ga baƙar fata kuwa sai wajen tsakiyar 40. Gado ne ke da kaso mafi girma a cikin lamarin, sannan shan taba da ƙarancin bitamin B12 da ciwon tayirod kan gaggauta ta. Maganar da iyaye mata kan yi, cewa damuwar 'ya'ya ce ta fito musu da furfura, ita ma ta samu ɗan goyon baya a 2020, lokacin da masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna cewa tsananin firgici da matsi na ƙarar da ƙwayoyin launi a jikin ɓeraye. A kan ɓeraye aka yi gwajin, don haka kada a ɗora masa fiye da ƙarfinsa.

A al'adar Bahaushe furfura daraja ce. Ana tashi a ba mai ita wurin zama, ana sa shi a gaba wajen neman aure da sulhu, in kuma ya yi abin da bai dace ba a ce bai ji kunyar furfurarsa ba. To me zai sa mutum ya ɓoye abin da ke jawo masa girma? Dalilan sananne ne. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma wanda ya rage shekaru a takarda ba zai so gemunsa ya ƙaryata shi ba. Mai neman ƙarin aure yana son gidan yarinya su ga sauran ƙarfinsa. Akwai kuma ɗimbin mutane da ba su yaudarar kowa, kawai dai furfura ta riske su suna da shekara 38, suna duba madubi suna ganin wani mutum da ba su shirya zama shi ba tukuna.

Mata su aka fi yi wa rashin adalci a nan. Namiji ya fito da gemu baƙi wuluk yana da jikoki, a yi murmushi a wuce. Mace mai shekarunsa ta rina kanta ko ta sauya kitso, sai a ce budurwar zuciya ke damun ta, ko a ce kishiya ce ta tsorata ta. Alhali gyaran launin gashi ba baƙo ba ne ga matan ƙasar nan. Hugh Clapperton, Baturen da ya shiga Kano a farkon 1824, ya rubuta cewa ya tarar da matan garin suna shafa shuni a gashinsu har ya yi shuɗi. Kakannin da ake kafa hujja da kamun kansu, su ma sun san rini.

Ta fuskar shari'a, asalin maganar yana komawa ga ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira. An kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sauya wannan farin, amma a nisanci baƙi. Imamu Muslim ya ruwaito shi daga Jabir. An kuma ruwaito cewa Abubakar yana rini da lalle haɗe da wani tsiro da Larabawa ke kira katam, Umar kuwa da lalle zalla. Saboda haka sauya launin furfura abu ne da aka kwaɗaitar a kansa. A kan baƙi ne kawai aka yi saɓani. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ya ƙarfafa haramci. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mafi yawan mutanenmu, ta tsaya a kan karhanci: Ibn Abi Zaid ya faɗi haka ƙarara a Risala, ya kuma ce babu laifi a yi da lalle da katam. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya nuna ya fi son wani launi da ba baƙi ba, kuma wanda ya bar furfurarsa yadda take ba shi da wani ƙunci. Inda malamai suka fi tsananta shi ne wurin da aka yi rinin domin algus, kamar a rufe wa wadda za a aura ido game da shekaru.

Duk wannan tattaunawa ta ginu ne a kan launi da niyya, domin a zamaninsu babu wata fitacciyar cuta a cikin rinin da za ta sa a tsaya a kanta. Rinin zamani ya fara yaɗuwa ne a farkon ƙarni na 20. A 1907 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Eugène Schueller, ya haɗa nasa, kuma kamfanin da ya kafa a 1909 shi ne ya zama L'Oréal. Yadda irin wannan rini ke aiki shi ne, amoniya ta buɗe ɓawon silin, haidirojin feroksaid ya kashe launin da ya rage, sannan wasu ƙananan sinadarai su kutsa ciki su haɗu da juna su yi girman da ba za su iya fita ba. Jigon waɗannan sinadarai shi ne farafenilindayamin, wanda ake taƙaitawa da PPD, kuma gwargwadon duhun rini, gwargwadon yawansa a ciki. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na abin da za a shafa a kai. Garin dayis da ake sayarwa a ƙulli, babu suna babu lambar NAFDAC, ba wanda ya auna nawa ke cikinsa.

PPD na cikin manyan abubuwan da ke jawo borin fata, har ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ware shi a matsayin abin lura na shekarar 2006. Yanayin borin nasa ne ke ruɗar mutane. Mutum na iya yin shekaru yana rini lafiya lau, rana ɗaya kai ya ɗauki ƙaiƙayi, fata ta yi ruwa, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Da zarar jiki ya tsane shi kuwa, ya tsane shi ke nan har ƙarshen rayuwa. A nan ne al'adar bikinmu ta shigo. Baƙin lallen da ake zana wa amare da ƙawayensu, wanda ke kamawa cikin ƙasa da awa guda, PPD ne ke ba shi wannan baƙi da sauri, domin lalle na gaskiya ba ya yin baƙi. Ana barin sa kai tsaye a kan fata, ga shi da ƙarfi, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta koya wa jiki tsanar sinadarin. Yarinyar da aka yi wa dayis ranar kamunta tana iya zama matar da fuskarta za ta kumbura bayan shekara 30, ranar da ta fara rina furfura, kuma da wuya ita ko mai kemis ɗin unguwa su haɗa wannan da wancan. Shi ya sa kamfanonin da ke haɗa rinin da kansu ke rubuta a kwali cewa a gwada ɗan kaɗan a fata a jira awa 48. Sannan rini ba aikin sau ɗaya ba ne. Gashi na tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, farin gindi na leƙowa cikin 'yan makonni, a gemu da saje ma ya fi saurin tona asiri, don haka wanda ya fara ya ɗauki aikin maimaitawa.

Haɗarin ya fi haka muni in garin ya shiga ciki. Likitoci a Kartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar lalle mai haɗe da PPD, 13 daga cikinsu suka rasu. Yana kumbura wuya da harshe har numfashi ya toshe, yana lalata ƙoda, kuma ba shi da makari. Kakar da ke ajiye ƙullin dayis a cikin kwalla, a ɗakin da jikoki ke shige da fice, ya kamata ta san wannan.

Batun cutar kansa kuwa bai kai wannan tabbaci ba. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2019 ya ga ƙarin kansar nono a tsakanin matan da ke amfani da rini mai ɗorewa, kuma ƙarin ya fi yawa ga baƙaƙen mata. Alaƙa aka gani, ba a tabbatar cewa rinin ne sababi ba.

A ganina lalle ya fi cancanta a koma masa, kuma ba don tsufansa kawai ba. Launinsa yana manne wa silin ne ba tare da an fasa ɓawonsa da amoniya ba, borinsa kuma ƙalilan ne ƙwarai in aka kwatanta. Wanda jan da yake bayarwa ya yi masa yawa, yana iya bin sa da garin baba, sai launin ya koma duhu-duhu. Aibinsa shi ne cin lokaci, sai an zauna awanni. Sharaɗin dai ya zama ganyen ne aka daka, domin fakiti da yawa masu ɗauke da sunan lalle an cakuɗa su da PPD.

Sauya kitso ma yana da dalilin da ya wuce kwalliya. Bayan ɗaukewar al'ada, wadda ke zuwa ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, gashi kan yi siriri ya ragu, kuma gindin da ya jure shuku da ƙananan kalaba shekara da shekaru ba ya iya jurewa kamar da. Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba mata a wata unguwa ta Cape Town a Afirka ta Kudu, suka tarar kusan ɗaya cikin uku na fama da zubewar gashin da ja ke haddasawa, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda ke yin kitso mai tsauri a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa. A wurinmu ɗankwali da hijabi na rufe wannan ciwo, sai mace ta yi shekaru goshinta na cinyewa, tana ɗora laifin a kan tsufa ko jego, tana kuma ƙara gashin kanti domin ta cike gurbin, wanda nauyinsa ke ƙara jan abin da ya rage. Dattijuwar da ta ce wa makitsiya ta yi mata manyan layuka sakwa-sakwa, ko ta rage tsawon gashin gaba ɗaya, magani take yi. Alamomin da ke nuna an wuce gona da iri a bayyane suke: ƙananan ƙuraje a bakin goshi, ciwon kai a daren da aka yi kitso, kasa sa goshi a ƙasa wajen sujada sai da dabara. In an sassauta tun a wannan mataki gashin yakan dawo. In aka bari gindin ya mutu, wurin ya yi sumul yana sheƙi, babu man da zai sake tsirar da shi, ko na kaɗanya ne ko karkar.