Babur Ɗin Daji Da Ya Shigo Gari

Mai karatu, ni dai ban taɓa tuƙa babur ba, amma tarihin wannan ya tsaya min a rai. A 1979 gidan talabijin na ABC a Amurka ya fara gasar Superbikers, hanyar wani wuri kwalta, wani wuri turɓaya, don a gane gwanin gwanaye. A 1985 suka watsar da ita, sai Faransawa suka ɗauka, suka raɗa mata supermotard. Babur ɗin daji suke cire wa manyan tayoyinsa masu haƙora, su ɗaura na kwalta masu inci 17, su ƙara girman birkin gaba. To ka ji inda darasin yake: duk wanda ya canja taya ya bar tsohon birki, wallahi da ransa yake wasa. Allah ya kiyaye.