Zuriyar Buxton da Gurney na Ƙauyen Northrepps

A wannan lokaci da ikkilisiyarmu take bikin cika shekara 50, kowa yana ta tuna iyaye da kakanni waɗanda suka fara karɓar Bishara. Wannan ya dace, gama ko Bisharar Matiyu da jerin asali ta fara. Amma akwai wani gida can a Ingila wanda ba mu cika jin sunansa ba, ga shi kuwa hanyar da Maganar Allah ta bi ta zo cikin harshenmu ta ratsa ta ƙofarsa.

Northrepps ƙaramin ƙauye ne a lardin Norfolk, kusa da bakin teku, dab da garin Cromer. A ƙauyukan Ingila na dā akan sami babban gida ɗaya ko biyu na masu gonaki. Ba sarakuna ba ne, ba kuwa talakawa ba. Su ne suke ba da hayar gona, suna da wurin zamansu na musamman a majami'a, sunayen matattunsu kuma a rubuce suke a jikin bango. Babban gidan wannan ƙauye ana kiransa Northrepps Hall, iyali biyu ne kuma suka yi suna a cikinsa, wato Buxton da Gurney.

Thomas Fowell Buxton ba ɗan ƙauyen ba ne. An haife shi a lardin Essex a 1786. Mahaifinsa ɗan Anglikan ne, ya rasu tun yaron yana ƙarami. Mahaifiyarsa, Anna Hanbury, 'yar ɗariƙar Kweka ce, waɗanda suke kiran kansu Abokai. A 1807 ya auri Hannah Gurney ta gidan Earlham kusa da birnin Norwich, ƙanwar Elizabeth Fry wadda ta shahara wajen taimakon mata 'yan kurkuku. Gurney masu banki ne. Bankinsu yana cikin waɗanda suka haɗu a 1896 suka zama Barclays, wanda dattawanmu suka sani a Nijeriya kafin ya koma Union Bank. Shi Buxton kuwa, dukiyarsa daga kamfanin giya na dangin uwarsa a Landan ta fito. Na san wannan ba zai yi wa waɗansunmu daɗin ji ba, amma tarihi ba a yi masa kwaskwarima.

A 1820 'ya'yansu huɗu suka mutu cikin 'yan makonni. Bayan wannan baƙin ciki ne suka koma Norfolk, da fari a Cromer, daga baya a 1828 suka zauna a Northrepps Hall. Buxton yana wakiltar Weymouth a majalisar dokoki tun 1818, shi ne kuma Wilberforce ya danƙa wa yaƙi da bauta sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Dokar 'yanta bayi a ƙasashen mulkin Ingila ta fito a 1833. 'Yarsa Priscilla ce magatakardarsa a wannan fama, aka kuwa ɗaura mata aure ranar 1 ga Agusta 1834, ranar da dokar ta fara aiki. A 1840 aka ba shi sarautar Sir irin wadda ɗa yake gada.

Wanda yake bin asalin waɗannan gidaje sai ya yi haƙuri, domin auren zumunci ya cuɗa su ƙwarai, sunaye kuma suna ta maimaituwa kamar yadda mu ma muke mai da sunan kaka ga jika. 'Ya'yan Buxton maza biyu, Edward da Thomas, sun auri 'ya'yan kawunsu Samuel Gurney, wato Catherine da Rachel. Thomas Fowell Buxton kaɗai ya kai uku: uba, da ɗa, da jika wanda ya yi gwamnan Kudancin Ostireliya daga 1895. A wani ƙaramin gida a ƙauyen kuma akwai Sarah, ƙanwar Buxton, tare da Anna Gurney. Anna gurguwa ce tun tana jaririya, amma ta fassara tsohon tarihin Ingila a 1819, da kuɗinta kuma ta sayi na'urar harba igiya ga jiragen da hadari ya kama. Akan tura ta a kekenta har bakin teku ta tsaya a kan aikin ceton.

To, ina ruwanmu da su? Buxton ya ga cewa doka kaɗai ba za ta kashe cinikin bayi ba, sai an kawo Bishara da noma da halattaccen ciniki cikin Afirka kanta. Shi ya matsa wa gwamnati har ta aiko jiragen ruwa uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kogin Kwara a 1841. Suka kafa gonar gwaji a wajen Lokoja, amma zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. A Ingila aka yi ta yi masa ba'a. Abin ya karya masa zuciya da jiki, ya rasu a Northrepps a watan Fabrairu 1845, aka binne shi a majami'ar Overstrand da take maƙwabtaka da ƙauyen. Bai ga amfanin tafiyar da idonsa ba.

Amma cikin jiragen nan akwai mutum biyu na mishan ɗin C.M.S. Ɗaya Samuel Ajayi Crowther ne, wanda ya zama bishop a 1864. Ɗayan kuwa Bajamushe ne, J. F. Schön, wanda ya duƙufa a kan Hausa saboda wannan tafiya. A 1843 ya buga littafin kalmomin Hausa, daga baya da taimakon Dorugu ya fassara waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki, ya kuma fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. Hausarsa tana da kurakurai, gama bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, amma shi ya share fili tun kafin Dokta Miller da abokan aikinsa su kammala Littafi Mai Tsarki na 1932.

Hannah ta ci gaba da zama a Northrepps Hall har rasuwarta a 1872, jikoki suna ta zuwa hutu wurinta, bayanta kuma 'yan Gurney suka zauna a gidan. Ɗaya daga cikin jikokin, Barclay Buxton ɗan Thomas da Rachel, ya tafi Japan aikin mishan a 1890. Ɗansa Alfred ya bi C. T. Studd zuwa Kwango a 1913, ya auri 'yarsa Edith, bom kuma ya kashe shi a Landan a 1940 tare da ɗan'uwansa Murray. Gidan Thomas na Easneye, inda Barclay ya yi ƙuruciyarsa, daga baya ya zama makarantar horar da masu aikin mishan mai suna All Nations.