Masu Tarar Hasken Taurari a Gilashi

Duk hoton sararin samaniya da ya taɓa tsayar da kai a waya, mai jan gajimare da shuɗin taurari, yana da kakanni, kuma kakannin nan ba su da launi. Faranta ne na gilashi, baƙi da fari, waɗanda wasu mutane suka kwana tsaye cikin sanyi kafin su samu, wasu kuma suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen karanta su. Sana'a ce sukutum da ta yi kusan shekara 100 tana ci, sannan ta shuɗe a zamaninmu. Ina ganin wanda ya san wuyar da aka sha a kanta ya fi kowa jin daɗin kallon waɗannan hotuna.

Da wata aka fara, domin shi ne mai haske. A watan Maris na 1840 John William Draper, malamin ilimin sinadarai a jami'ar Niyok, ya bar kyamara a buɗe minti 20 ya samu hotonsa. A Yulin 1850 aka ɗauki tauraron Vega a cibiyar nazarin taurari ta Harvard, karo na farko ke nan da aka kama wani tauraro banda rana. Daga nan abin ya yi ta jan ƙafa. Farantin da ake aiki da shi daga 1851 jiƙaƙƙe ne, sai an shafa masa magani a ɗauka a wanke kafin ya bushe, kuma cikin ɗan lokaci yake bushewa. Tauraro mai dishi-dishi kuwa ba ya son gaggawa.

Busasshen faranti, wanda wani likita a Ingila mai suna Richard Maddox ya ƙirƙiro a 1871, shi ya buɗe ƙofa. Idon mutum ba ya ajiya. Hasken da ya shigo yanzu ya wuce, ko ka kwana kana kallo ba za ka ga fiye da abin da ka gani da farko ba. Faranti kuwa tarawa yake, kamar kwanon da aka ajiye ƙarƙashin indararo ana yayyafi: ɗigo ɗaya ba komai ba ne, amma in an bar shi sai ya cika. A ranar 30 ga Satumba 1880 Henry Draper, ɗan wancan Draper ɗin, ya ba faranti minti 51 yana fuskantar curin gajimaren da ke kusa da taurarin nan uku da muke gani a jere da daren hunturu, cikin rukunin da Turawa ke kira Orion. Bayan shekara uku Andrew Common, wanda a bayan gidansa a Landan ya kafa madubin hangen nesansa, ya sake ɗaukar wurin, sai ga taurarin da ido bai taɓa gani ba ko ta cikin madubin.

Labarin da na fi so a nan Afirka ya faru. A 1882 wata babbar tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, mai hasken da har da rana ana ganinta. David Gill, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Cape Town a Afirka ta Kudu, ba shi da kayan ɗaukar irinta. Sai ya nemi wani mai hoto a garin, suka ɗaure kyamararsa ta ɗaukar fuskokin mutane a jikin madubin hangen nesa, suka bi tauraruwar. Da aka wanke, wutsiyar ta fito yadda ake so, amma abin da ya ɗauke hankalin Gill shi ne bayanta: taurari birjik, kowanne a mazauninsa. Kafin wannan lokaci, ɗaya bayan ɗaya ake auna tauraro da ido a rubuta. Gill ya gane cewa faranti guda zai yi aikin watanni. Ya shiga ɗaukar mafi yawan saman kudancin duniya, yana aika faranta zuwa Holan wurin Jacobus Kapteyn, malamin da jami'arsa ba ta da madubin hangen nesa. Kapteyn ya yi fiye da shekara 10 yana aunawa a ɗaki, kuma tsakanin 1896 da 1900 aka buga kundi mai taurari 454,875.

Dalilin da ya sa wannan labari yake taɓa ni, a gidan mai hoto na taso. Kawuna yana da shago a Sabon Garin Zariya, da ɗan ɗakin duhu mai jan ƙwan fitila. Ni ke riƙe masa agogo. Zai tsoma farar takarda cikin ruwan magani yana girgiza tiren a hankali, sai ka ga idanun amarya sun fara fitowa, sannan hanci, sannan ɗankwali. In na matsu na miƙa hannu, sai ya ce, "Kai, bar shi ya nuna." Irin kayan aikinsa da irin haƙurinsa ne suka fara ƙidaya taurarin kudu ta hoto, kuma ina alfahari da haka a madadinsa.

Edward Barnard ma yaron shagon hoto ne. An haife shi a Nashville ta Amurka a 1857, mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi, talauci ya sa ya fara aiki yana ɗan shekara tara. Da ya zama masanin taurari, bai raina abin da ya koya a shago ba. Gilashin ɗaukar fuskar mutane ya ɗauka ya juya ga farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda tarin taurari ne da ba sa ƙirguwa.

Ga yadda aikin yake. Duniya tana juyawa, saboda haka taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya. Akwai injin agogo da ke juya madubin yana bin su, amma yakan yi kuskure kaɗan, kuma kuskure kaɗan ya isa ya mai da kowane tauraro zane. Dole mai ɗauka ya kafa ido a wani ƙaramin madubi na gefe, inda aka gitta zare biyu na yanar gizo-gizo, ya riƙe tauraro ɗaya daidai mahaɗarsu yana gyarawa da hannu. Haka zai tsaya awa uku, awa biyar, ba ya waiwaye. Rufin ɗakin a buɗe yake, ba a hura wuta domin ɗumi yana sa iska rawa hoto ya ɓaci. A cibiyar Yerkes, inda sanyi ke daskarar da ruwa, rigar fatar dabba Barnard yake sakawa. Hotunansa suka nuna baƙaƙen wurare a tsakiyar taurari, waɗanda aka daɗe ana ɗauka ramuka ne da babu komai. Bayan shekaru yana jujjuya maganar, ya yarda cewa da yawansu gajimare ne na ƙura da suka tare hasken da ke bayansu. Da za a buga littafin hotunan nasa, bai yarda da injin ɗab'i ba. Hoto na ainihi aka wanke aka liƙa a kowane kwafi, kwafi 700, kowanne da hoto 50, kuma ya bi kusan 35,000 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya rasu a 1923, littafin bai fito ba sai 1927.

Masu ɗauka ke nan. Masu karantawa kuwa, a Harvard, mata ne. Williamina Fleming 'yar Sikotlan ce, ta zo Amurka a 1878, mijinta ya gudu ya bar ta da ciki, ta shiga aikatau a gidan Edward Pickering, shugaban cibiyar. Ya lura da kaifin hankalinta, a 1881 ya ba ta aiki. Bayan rasuwar Henry Draper, matarsa Anna ta zuba dukiya don a ci gaba da aikin mijinta, aka ɗebi mata da dama, ana biyan yawancinsu kimanin senti 25 a awa. Za a jingina faranti a kan katako mai gangare, madubi yana turo hasken taga ta ƙasa, mace ɗaya tana dubawa da gilashin ƙara girma tana faɗa, ɗaya tana rubutawa. A kan farantin sama fara ce, taurari ne baƙaƙen ɗigo. A 1888 Fleming ta hango wani duhu mai siffar kan doki a cikin Orion, wanda yau yana cikin hotunan sama da aka fi yaɗawa a duniya. Kundin da ya fara lissafa shi sunan Pickering ya sa. Wannan rashin adalci ne, ko da an gyara daga baya.

Henrietta Leavitt, wadda ciwo ya taɓa mata ji, an ba ta faranta da ake kawowa ta jirgin ruwa daga Arequipa a ƙasar Peru. Aikinta ta ɗora na wannan dare a kan na wancan, ta nemo taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. A 1908 ta lissafa 1,777. A 1912, daga guda 25 cikinsu, ta tabbatar da wata ƙa'ida: a cikin wani jinsi na waɗannan taurari, wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayen haskensa shi ya fi haske na ainihi. In ka san ainihin hasken abu, ka ga yadda ya dushe a idonka, ka san nisansa. Ta rasu a 1921. A daren 5 ga Oktoba 1923 Edwin Hubble ya ɗauki curin hasken da ake kira Andromeda na minti 45 da babban madubin dutsen Wilson a Kalifoniya. Ya ga wani ɗigo ya sa masa alamar sabon tauraro, da ya gwada da tsofaffin faranta sai ya gane irin na Leavitt ne, ya soke alamar da jan alƙalami a jikin gilashin. Lissafi ya nuna Andromeda ba ta cikin garken taurarinmu, garke ne daban. Ma'aunin yau ya ce haskenta yana shafe kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu.

Abin da ya kawo ƙarshen gilashi ɗan guntun na'urar lantarki ne mai kama haske, wanda aka ƙirƙiro a 1969, kakan wanda ke cikin kyamarar wayarka. Ya fi faranti ji nesa ba kusa ba, kuma kwamfuta ta karɓi aikin riƙe tauraro. Amma haƙurin bai sauya ba. A Disambar 1995 madubin hangen nesa mai suna Hubble da ke kewaya duniya ya yi kwana 10 yana fuskantar wani ɗan wuri da ake gani kamar wayam, ya ɗauki hoto 342 aka haɗa, sai ga garkunan taurari kusan 3,000. Launukan ma da muke sha'awa, kyamarar baƙi da fari take ɗauka ta cikin matatan haske daban-daban, sannan mutum ya zauna ya ba kowanne launinsa ya haɗa. Ban ɗauki wannan yaudara ba. Aiki ne na gwaninta, kuma masu yinsa suna bayyana yadda suka yi.

Faranta fiye da 500,000 suna nan a Harvard. A 2016 bututun ruwa ya fashe ya jiƙa dubbai daga cikinsu, aka tsamo su aka adana a cikin sanyi ana tsaftacewa, kuma an kwafe mafi yawan tarin zuwa kwamfuta, domin duk mai son sanin yadda wani tauraro yake shekara 100 da suka wuce ba shi da wata shaida sai irinsu. Roƙona ga malamanmu na makaranta da matasan da ke yaɗa waɗannan hotuna: in za ku tura, ku nemi sunan wanda ya ɗauka, da shekarar, da tsawon lokacin da aka ba kyamara, ku rubuta a ƙasan hoton da Hausa.