Hayar gida mai kaya a Kano

Hayar gida mai kaya wani nau'in haya ne da mutum ke kama ɗaki ko sashen gida wanda aka riga aka zuba wa kayan zama, kamar gado, katifa, kujeru, labule, firji da kayan girki. Ɗan haya yakan shiga da jakar tufafinsa kawai, ya biya kuɗin kwanaki, makonni ko watanni. A birnin Kano irin wannan haya ba ita ce aka fi sabawa da ita ba, galibi baƙi ne da masu gajeren zama suke nemanta.

Asali

Saukar da baƙo a ɗakin da aka shirya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A zamanin fatauci, fatoma ne ke ba fatake masauki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, sannan ya karɓi la'ada. Hausawa sun tafi da wannan tsari har zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, inda masani Abner Cohen ya yi nazarinsa a littafin da ya fitar a shekarar 1969. Salon zamani na kama gida ta intanet kuwa ya bazu a duniya bayan kafa kamfanin Airbnb a Amurka a shekarar 2008. A Najeriya ya fi ƙarfi a Legas da Abuja.

Bambanci da hayar da aka saba

A Kano an fi ba da gida babu komai a ciki, a kuma karɓi kuɗin shekara guda tun kafin a tare. Al'adar aure tana da hannu a wannan, domin iyayen amarya ne ke kawo kayan ɗaki, saboda haka magidanci ba ya bukatar gadon mai gida ko kujerunsa. Gida mai kaya ya fi tsada idan aka lissafa a wata, amma yana raba mutum da sayen kayan da zai rasa yadda zai yi da su ranar tashi.

Masu kamawa

Daga cikin masu neman irin wannan gida akwai ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, 'yan kasuwar da ke zuwa sari a Kantin Kwari ko Dawanau, baƙin biki, da masu karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero. Akwai kuma masu jinya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Iyalin da suka kawo mara lafiya daga Ƙafin Maiyaki, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, wadda ke ƙarshen kudancin jihar, ba za su iya zuwa da komawa kullum ba. Yawancinsu kan sauka wurin 'yan uwa, masu hali kuma su kama ɗaki mai kaya na 'yan makonni. An fi samun irin waɗannan gidaje a sabbin unguwanni da na masu hannu da shuni, kamar Nasarawa da Bompai, fiye da cikin ganuwa.

Yadda ake kamawa

Ana samun gidan ta hannun dillali, ko ta tallan Facebook, Instagram da WhatsApp. Ban da kuɗin haya, akan biya la'adar dillali, da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa ko da za a lalata masa wani abu. Farashi yakan danganta da unguwa, da kuma wuta da ruwa: gidan da ke da sola ko janareta da rijiyar burtsatse ya fi wanda ya dogara da wutar KEDCO kaɗai tsada.

Matsaloli

Rigimar da ta fi yawa ita ce ta kuɗin ajiya, idan mai gida ya ce an fasa ko an ɓatar da wani abu, ɗan haya kuma ya ce haka ya tarar. Shi ya sa ake rubuta jerin kayan da ke ɗakin da halin da suke ciki, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Akwai kuma 'yan damfara masu saka hoton gidan da ba nasu ba, su karɓi kuɗi ta banki su ɓace, don haka masu hankali ba sa biya sai sun ga gidan da idonsu, sun kuma karɓi rasit. Wasu masu gidaje ba sa ba wanda ba shi da aure haya, wasu kuma sai an kawo wanda zai tsaya wa baƙon.