Lambar Yabon da Aka Ƙera da Allura: Tarihin Likitocin da Suka Ga Bayan Cutar Agana

Mai karatu, idan akwai dattijo a gidanku da ya haura shekara hamsin, ka roƙe shi ya nuna maka damtsensa. Mai yiwuwa ka ga wani zagayayyen tabo, wanda mutanen da ke kira lamba. Kada ka rikita shi da ɗan tabon da yaran yanzu ke da shi, wannan na allurar tarin fuka ne. Lambar dattijai ta rigakafin agana ce, cutar da idan mai tsananin ce takan kashe kusan uku cikin goma na waɗanda ta kama, ta bar sauran da zanzana a fuska, wasu kuma ta makantar da su. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta hallaka mutane wajen miliyan 300. Yau babu mai ita a duniya, kuma ita ce cutar ɗan Adam guda ɗaya tilo da aka taɓa kawarwa kwata-kwata.

To, wa aka yi wa godiya? Idan likitan tiyata ya ceto mutum, majinyacin yakan dawo da iyalinsa su yi godiya, har a sa wa jariri sunan likita. Shi kuwa likitan rigakafi, mutumin da ya ceta bai ma san an cece shi ba, tunda bai kwanta ba balle ya tashi. Shi ya sa tarihin karrama irin waɗannan likitoci yake cike da jinkiri da mantuwa.

Daga Jenner zuwa Zhdanov

A 1796 wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurjin wata cuta mai sauƙi ta shanu daga hannun wata mai tatsar nono, ya sa wa wani yaro a fata. Daga baya ya gwada yaron da agana, ba ta kama shi ba. Majalisar dokokin Ingila ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa fam 20,000 a 1807. A 1858 aka kafa mutum-mutuminsa a dandalin Trafalgar da ke Landan, inda ake tunawa da jaruman yaƙi. Shekara huɗu kacal ya yi a wurin aka ɗauke shi zuwa wani lambu a Kensington, jaruman yaƙin kuwa aka bar su.

Rigakafin ya samu, amma fiye da shekara 150 bayan Jenner agana tana nan tana ɓarna a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. A 1958, a taron Hukumar Lafiya ta Duniya, mataimakin ministan lafiya na Tarayyar Sobiyet, Viktor Zhdanov, ya kawo shawarar a haɗa ƙarfi a kawar da ita daga doron ƙasa. Aka amince a 1959, sai dai babu kuɗi babu ma'aikata, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Sai a 1967 aka shiga da gaske, ƙarƙashin wani likita Ba'amurke, Donald Henderson. A lokacin cutar tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15 duk shekara, tana kashe wajen miliyan biyu. Ka tuna fa ana tsakiyar yaƙin cacar baka ne, amma Sobiyet ta yi ta ba da maganin rigakafin, Amurka ta ba da kuɗi da ƙwararru.

Abin da ya faru a Ogoja

Tsarin da aka fara da shi shi ne a yi wa kowa lamba, har a kai aƙalla kashi 80 cikin ɗari na jama'a. A wurare masu cunkoso hakan bai isa ba, don kullum ana haihuwa, kullum ana ƙaura, kuma cutar takan laɓe a cikin waɗanda aka tsallake.

A Disambar 1966 wani likitan mishan mai suna William Foege, wanda ke aiki a yankin Ogoja na gabashin Najeriya, ya sami labarin ɓullar agana a wasu ƙauyuka. Maganin da ke hannunsa kaɗan ne, babban kaso bai iso ba tukuna. Sai ya zauna da abokan aikinsa a kan taswira suka tambayi kansu: in da mu ne cutar nan, ina za mu nufa daga nan? Suka yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, aka tura mutane ƙauye-ƙauye su kawo rahoton inda ake da mai ƙurji. Suka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, sannan suka bi sawun dangi da kasuwannin da mutanen ke ci, suka yi a can ma tun kafin cutar ta bayyana. Annobar ta mutu alhali ko rabin mutanen yankin ba a yi wa lamba ba.

Me ya sa dabarar ta ci? Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar. Agana ba ta da maɓoya a dabba ko sauro ko ruwa, daga mutum sai mutum. Wanda ta shiga jikinsa yakan yi wajen kwana goma sha biyu kafin zazzaɓi, kuma ba ya yaɗa ta sosai sai ƙurji ya fito, lokacin nan kuwa yawanci yana kwance. Ƙurjin a fuska yake, ko yaro zai gane shi. Wanda ya warke ba ya sake yi. Sannan idan aka yi wa mutum lamba cikin kwana uku zuwa huɗu da haɗuwarsa da mai cutar, rigakafin yakan riga cutar kama jiki. Manomi ya san wannan hikima: idan gobarar daji ta taso, ba dajin duka ake jiƙawa ba, share ciyawar da ke gabanta ake yi, ta ci iya cinta ta mutu.

Yaƙin basasa ya fitar da Foege daga gabashin Najeriya a 1967, amma dabarar ta bazu a shirin ƙasashe 20 na Yammaci da Tsakiyar Afirka, har da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. A nan ne iyayenmu suka sha layi a ƙofar fadar hakimai ana harba musu lamba da wata na'ura da ake takawa da ƙafa. A watan Mayun 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki, a Najeriya.

Allura mai baki biyu

Na'urar harbin nan tana da sauri amma tana yawan lalacewa. Abin da ya maye gurbinta wata 'yar allura ce mai baki biyu, wadda Benjamin Rubin ya ƙirƙiro a kamfanin Wyeth. Ana tsoma ta a magani, ɗigo ɗaya ya maƙale tsakanin bakunan, a caccaki damtse sau goma sha biyar. Kashi ɗaya cikin huɗu na maganin da ake amfani da shi a da ya wadatar, ana dafa allurar a sake aiki da ita, kuma cikin ɗan lokaci ake koya wa mutumin ƙauye. Maganin kansa busasshe ne mai jure zafi, aikin Leslie Collier na Ingila.

Da waɗannan aka bi cutar gida-gida a Indiya da Bangladash da Habasha, har da ba da tukwici ga duk wanda ya kawo rahoton mai ƙurji. A Oktoban 1975 aka sami ta ƙarshe da ta kamu da nau'in agana mai tsanani ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, wata ƙaramar yarinya, Rahima Banu, a Bangladash. A ranar 26 ga Oktoban 1977 ƙurji ya fito wa Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, shi ne na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a. A ranar 8 ga Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa agana ta ƙare. Duka aikin bai wuce dala miliyan 300 da wani abu ba.

To, ina yabon?

Har yau ba a ba da lambar yabo ta Nobel kan kawar da agana ba. Ta fannin likitanci an tanade ta ne don sabon abin da aka gano, kuma ba ta wuce mutum uku. Wa za ka zaɓa a aikin da dubun-dubatar mutane suka yi a ƙafa da keke da kwalekwale?

Ma'aikatan sai suka karrama kansu. A 1976 ofishin Henderson ya sa aka lanƙwasa allurar nan mai baki biyu ta zama zobe, siffar sifili, wato burin da ake nema: babu mai cuta ko ɗaya. Aka raba wa ma'aikatan shirin su maƙala a ƙirji, da takardar shaida. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma sai wanda ya shiga aikin ke da ita.

Manyan lambobin sun zo a hankali. Henderson ya karɓi lambar yabo ta Japan a 1988 tare da Isao Arita da Frank Fenner, sannan babbar lambar farar hula ta Amurka a 2002. Foege ya karɓi irinta a 2012. Zhdanov, wanda ya kawo shawarar tun farko, ya rasu a 1987, sai a 2020 wata cibiya mai zaman kanta ta karrama shi tare da Foege. A 2010 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa abin tunawa a harabar hedikwatarta, ba ta zaɓi fuskar wani shugaba ba, siffar ma'aikacin lafiya ce yana shirin yi wa yarinya lamba. Shi kuwa Ali Maow Maalin ya koma aikin rigakafin shan-inna a Somaliya, yana cikin wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa a 2013.

A gida ma haka abin yake. A Yulin 2014 Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana mutumin da ya shigo da Ebola Legas fita daga asibiti duk da matsin da ta sha. Ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Cutar ta tsaya a kan mutum 20 a duk ƙasar, lambar girmamawa ta ƙasa kuma sai a 2022 ta zo. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a Kano. Lokacin da aka yi shelar kawar da shan-inna ta daji daga Afirka a Agustan 2020, mutum nawa ne za su iya kawo sunan ko ɗaya daga cikinsu?

Yabon gwani ya zama dole, amma gwanin rigakafi sai an neme shi, domin aikinsa ba ya barin majinyacin da zai ba da labari. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin lafiyar al'umma ke ware lambobi na musamman ga wanda ya daɗe yana hidima, ko ya horar da na baya, ko ya tsayar da annoba tun tana ƙarama. Kai ma kana da hanya. Nemi sunan jami'in da ke sa ido kan ɓullar cututtuka a ƙaramar hukumarku. Idan matan rigakafi suka yi sallama a gidanku da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, a shimfiɗa musu tabarma, a ba su ruwa, a fito da yaran.