BAYANI: Inda binciken likitoci ya kai kan sankarar mama da ta babban hanji, da abin da hakan ke nufi ga ƙauyukan Kano

Sankarar mama ita ce nau'in ciwon daji da ya fi yawa a Najeriya. Alƙaluman cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu ciwon daji sama da 127,000 a ƙasar. Daga cikinsu mutum fiye da 32,000 sankarar mama ce, yayin da kimanin 8,000 suka kamu da sankarar babban hanji da dubura, wadda ke kama maza da mata.

Cututtukan biyu suna warkewa idan an gano su da wuri, amma mafi yawan majiyyata a Najeriya suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa. Ga mazaunin Achika a Ƙaramar Hukumar Wudil, hanyar neman magani kan fara daga ƙaramin asibitin unguwa zuwa Babban Asibitin Wudil, sannan Kano mai nisan kimanin kilomita 40, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad suke. A kowane zango ana iya yin asarar makonni.

Yadda ake tabbatar da ciwon

Ƙulli a mama, ko fitar jini daga kan nono, ko canjin fata, alama ce kawai. Likita kan duba da hannu, a ɗauki hoton sikanin ko na mamogiram, sannan a ciri ɗan tsoka da allura a kai ɗakin bincike. Wannan gwajin tsoka shi ne hukunci na ƙarshe, domin ba kowane ƙulli ne daji ba.

Bayan haka akwai gwaji na biyu a kan tsokar, wanda ke nuna ko ciwon yana girma ne da sinadaran halittar mace, ko yana ɗauke da furotin HER2, ko kuwa babu ko ɗaya. Kowane nau'i da maganinsa. Na farko yana jin ƙwayar tamoxifen da ake sha shekara biyar ko fiye, na biyu yana bukatar allurar trastuzumab mai tsada, na uku kuma ya fi dogara ga ƙarin ruwan maganin daji. Ba da magani ba tare da wannan gwaji ba lalube ne a cikin duhu.

A ɓangaren hanji, alamomin su ne jini a bayan gida, canjin yanayin bahaya, rama da ƙarancin jini. A ƙasar Hausa an saba jingina irin wannan ga basir, a yi ta shan jiƙo wata da watanni. Tabbaci yana samuwa ne ta na'urar leƙa hanji mai kyamara, wadda ake ciro tsoka da ita. Akwai kuma camfin nan na cewa daji ba ya son ƙarfe, wanda ke sa wasu gudun allura da tiyata, alhali tiyata ce ginshiƙin warkar da cututtukan biyu.

Abin da aka gano kan sankarar mama

Tun 1998 ake gudanar da wani dogon nazari a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan tare da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago a Amurka. Sakamakon da aka fitar a 2018, bayan gwada mata 1,136 masu ciwon, ya nuna kusan kashi 15 cikin ɗari sun gaji wata tawaya a ƙwayoyin halitta, galibi BRCA1 da BRCA2. Ma'anarsa, idan uwa ko 'yar'uwa ta yi ciwon, musamman da ƙuruciya, sauran matan gidan na bukatar sa ido tun da wuri.

Wani nazari da aka yi a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, ya bi diddigin majiyyata bayan gano ciwon. A Najeriya, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka kai shekara uku a raye, adadi mafi ƙanƙanta a cikin ƙasashen. Masu binciken sun ƙiyasta cewa ganowa da wuri da inganta magani za su iya hana kusan kashi ɗaya bisa uku na mace-macen.

A kan irin wannan hujja ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'aunai uku a 2021: a gano aƙalla kashi 60 na masu ciwon a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, kuma kashi 80 su kai ƙarshen maganinsu.

Abin da aka gano kan sankarar hanji

A 2013 Farfesa Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Dakta Peter Kingham na cibiyar Memorial Sloan Kettering a New York suka kafa ƙungiyar bincike ta ARGO. Nazarinsu na 2021 ya nuna majiyyatan Najeriya sun fi na Amurka ƙarancin shekaru, kuma ciwon ya fi zama a dubura. Sun kuma gano cewa kusan kashi 28 na tsokokin da aka gwada suna da wata tawaya ta gyaran ƙwayoyin gado, adadin da ya zarce na Amurka nesa ba kusa ba.

Wannan na da muhimmanci, domin irin wannan nau'in ne ke jin sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. A 2022, wani gwaji a New York ya ba majiyyata 12 masu wannan nau'i a dubura maganin dostarlimab, ciwon ya ɓace a dukkansu. Sai dai tsadar magungunan ta fi ƙarfin mafi yawan 'yan Najeriya.

Ƙungiyar ta kuma jarraba gwajin ɓoyayyen jini a bahaya a kan mutum sama da 2,000 a Osun, Kwara da Legas. Kusan ɗaya cikin biyar gwajinsu ya nuna jini, amma da aka leƙa hanjin, 'yan kaɗan ne ke da daji. Darasin shi ne tsarin da ya yi aiki a Turai sai an auna shi a gida kafin a ɗauka.

Gurbin da ke Arewa

Waɗannan nazarce-nazarce sun ɗauki majiyyatansu ne daga kudancin ƙasar da Kwara. Asibitin Malam Aminu Kano yana da rajistar masu ciwon daji, amma rajista tana ƙirga wanda ya iso asibiti ne, ba wanda ya rasu a gida ba.

Kano kuma tana da tabon da bai gama warkewa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Shari'ar ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. A yau dokar Najeriya ta wajabta amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ta hukumar NAFDAC kafin gwajin magani. Haƙƙin majiyyaci ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya amince da kansa, kuma ya janye duk lokacin da ya ga dama ba tare da an hana shi kulawa ba.

Magani da kuɗinsa

Gashin daji da na'ura ya daɗe yana tilasta wa mutanen Kano tafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Sakkwato, ko Abuja. An ƙaddamar da cibiyar ciwon daji ta Giginyu a Kano a 2023, sannan ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025. Cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, ita ma ta fara aiki a 2023.

Asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da asibitoci shida, ciki har da na Shika, kuma da nau'i uku: mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza. Sankarar hanji ba ta cikin jerin farko.

Likitoci sun yi ittifaƙi a kan abu guda: duk ƙullin da ya bayyana a mama, da duk jinin bayan gida da ya ƙi tsayawa, musamman tare da rama, a kai shi asibiti a nemi gwaji kafin a sa masa suna.